Iyakar Gonarmu a Cikin Kaset

Wayar da ke aljihuna ba ta da noti ko ɗaya. Na juya ta gaba, na juya ta baya, na sa tabarau na kai ta bakin taga, babu inda mutum zai soka sukudireba. An rufe ta ruf kamar ƙwai. Da ta daina kama caji na kai ta kasuwa, mai gyaran bai tambaye ni yadda ciwon ya fara ba. Ya ɗora ta a kan wani faranti mai zafi, ya ɓare ta da reza, ya cire wani yanki ya jefa a kwali, ya manna sabo. Na ce ya ba ni wanda ya cire in je gida in duba. Ya kalle ni da tausayi, irin kallon da muke yi wa ɗalibin da ya maimaita aji sau uku, ya ce, "Dadi, me za ka yi da shi? Abu ya mutu fa." A bayan acaɓa ina komowa gida na fahimci cewa duniyar da na girma a cikinta ta tattara kayanta ta tafi, ba ta ma yi mini sallama ba.

Lokacin da muke tasowa kowane abu yana da baya, kuma bayan yana buɗuwa. Rediyo, tocila, agogon bango, keken ɗinki, duk wanda ya ƙera su ya san wata rana wani mai karambani zai so ya leƙa ciki, don haka ya bar masa ƙofa da noti huɗu. Ni ne mai karambanin a gidanmu. Ƙauyenmu yana hanyar Zonkwa, tafiyar keke daga Kafanchan, kuma babu agogo a gida sai sauti. Jirgin ƙasa na safe idan ya yi kuka daga lanƙwasa, ka san ka makara zuwa rafi. Taɓaryar mamana a kan acca tana da kiɗanta daban da na maƙwabta, sauri biyu da hutu ɗaya, ko daga gona kana iya cewa wannan turmin gidanmu ne. Ƙararrawar sujada guntun ƙarfen layin dogo ce da aka rataye a mangwaro, mai buga ta kuwa idan ya yi faɗa da matarsa duk ƙauye sai ya ji a bugun. Da rani mu zauna a kan dutse da wuƙaƙe muna tsaga citta muna shanyawa, hanci yana zuba, yatsu suna zafi, manya suna hira da yarenmu, kowa yana jin abin da kowa yake ji. Yanzu kuwa ka shiga motar haya mutum goma sha huɗu, kowa da igiyarsa a kunne, kowa da duniyarsa. Ba na cewa sun yi laifi. Ni ma ina da tawa igiyar. Amma mun san sautin garinmu yadda yaran yau suka san lambar sirrin wayarsu.

Ina kwalejin horar da malamai na samu malamina na gaske, kuma ba ya cikin masu ba mu maki. Malam Sabo mai gyaran rediyo ne a kasuwar Kafanchan, tun kakanninsa suke kasuwar nan, rumfarsa tana warin dalma da gawayi, domin a kasko yake gasa ƙarfen da yake narka dalmar. Duk Asabar ina can. Idan lokacin salla ya yi sai ya miƙa mini ƙarfen ya ce in riƙe masa zafinsa, ya tafi. Ba ya son surutu, ba ya kuma son gaggawa. Yana da faranti na tangaran da yake zuba duk abin da ya cire daga cikin rediyo, har da ƙonannen abin da kowa ya ga ya ƙone, kuma dokarsa ɗaya ce: ba a zubar da komai sai rediyon ya yi magana. Na taɓa share farantin don in burge shi da tsafta. Ranar na ji Hausar da ba a koyarwa a aji.

Da na fara koyarwa, abin da na fara saya ba katifa ba ce, rikoda ce mai cin batir shida, da makirfo mai igiya da wata 'yar allura da ke rawa idan ana magana. Na ɗauki mawaƙan ikkilisiya, na ɗauki zakaranmu, na ɗauki zumuntar mata suna gwaji har suka kusa rabuwa a kan wadda muryarta ta fita daga layi, domin kafin zuwan rikodata kowace tana da tabbacin ba ita ba ce. A lokacin na yi imani, imani irin na sabon tuba, cewa an gama da mantuwa a duniya.

A cikin wannan hali kakanmu ya aiko a kira ni. Baba Tsoho muke ce masa. Babana ya riga ya rasu, ƙanin babana kuma yana aikin jirgi can nesa, saboda haka ni da ɗansa Yakubu, sa'ana, mu ne manyan gidajen biyu. Baba Tsoho ya ga ƙafarsa ta fara nauyi, yana so ya nuna mana iyakar da ya raba tsakanin gonar gidanmu da ta gidan su Yakubu. A wurinmu ba a rubuta iyaka. Bayan ruwan farko, da sassafe, dattijo yakan ɗauki magada ya zaga da su, a kowace kusurwa ya tsaya ya kama kunnen kowannensu ya murɗa har sai ya yi ihu. Hikimar a fili take: wurin da ka sha zafi ba ka manta shi. Akwai tsofaffi a ƙauyenmu da ba su san shekarar haihuwarsu ba, amma ka tashe su daga barci su kai ka daidai inda aka murɗe musu kunne.

Ni kuwa na zo da wando mai guga da rikoda a kafaɗa. Na yi wa Baba Tsoho bayani cikin ladabi, irin ladabin da ke ɗauke da raini a aljihu, cewa zamani ya kawo sauƙi, wannan akwati zai riƙe duk abin da ya faɗa har jikokin jikoki. Da yarenmu yake magana, Hausarsa ta cinikin kasuwa ce kawai, ni nake juya maganar a nan. Ya dubi akwatin, ya dube ni.

"Yana da kunnen da zan murɗa?"

"Ba ya bukata, Baba. Ba ya mantuwa."

"To, kai da shi ku biyo ni. Yakubu, kawo naka kunnen, kai ba ticha ba ne."

Muka tashi daga dutsen bayan gida, Baba Tsoho a gaba da sandarsa mai ƙarfe a gindi, Yakubu a gefensa yana kare kunne da kafaɗa, ni a baya ina miƙa makirfo. Kusurwa huɗu muka tsaya, sau huɗu Yakubu ya yi ihu, ƙato mai gemu, ni ina dariya a ciki ina gode wa ilimi. Ga gaskiyar da ta ɗauke ni rabin rayuwa kafin in faɗa: ban ga komai ba a ranar. Idona yana kan allura, kada ta shiga ja murya ta fashe. Na zaga gonar ubana kaf, abin da na gani kawai allura ce tana rawa.

Shekaru suka yi ta tafiya, kayan wasana suna canzawa, ni ban canza ba. Na ga komfuta ta farko a ofishin wani shugaban makaranta, an lulluɓe ta da leshi kamar amarya, ba mai taɓa ta sai an wanke hannu. Na koyi bugu a shagon intanet, inda za ka aika saƙo ka fita ka ci masara ka dawo bai tafi ba. Na haɗa tawa ta farko da kaina daga gawarwakin komfutoci uku, tana kuka kamar injin niƙa, amma tana aiki, kuma ni na san kowane noti da ke jikinta. Da na yi ritaya na samu laftof na hannu da wata manhaja ta gyaran sauti, sai na shiga aikin kwashe tsofaffin kasakasaina zuwa cikinta. Ka haɗa igiya daga rikoda zuwa laftof, ka danna, sai ga murya ta zama zane a fuskar komfuta, tudu da kwari kamar kunyoyin doya. Wanda bai taɓa ganin muryar kakansa a zane ba, ba zai gane daɗin ba.

Manhajar tana da wani madanni da ke cire hayaniya. Nan shaiɗan ya same ni, ta ƙofar da yake samun malaman makaranta, wato son tsafta. Na saka kaset ɗin Baba Tsoho, na ji iska, na ji tsuntsaye, na ji ƙwas-ƙwas da shuu, na ce wannan ai aikin ɗalibi ne mai ƙazanta. Na murɗa madannin har ƙarshe. Duk inda ba a magana, inda tafiya kawai ake yi, na yanke na zubar, kamar yadda nake jan layi a kan surutun banza a takardar jarrabawa. Abin da ya cika fuskar kaset guda ya dawo minti huɗu. Murya ta fito tas, kamar Baba Tsoho yana zaune a ɗakin labarai. Na goge ɗanyen sautin daga laftof don in samu fili, na jefa kaset ɗin a tsohon akwatina na makarantar kwana, na yaba wa kaina.

Sai citta ta yi daraja. Tsakanin wani falalen dutse da rafi, can ƙasan gonakin, akwai wani yanki da aka bar wa ciyawa da ƙaya tun muna samari, ba wanda ya damu da shi. Ƙanena Bitrus, autanmu, wanda ke riƙe da gonar gida, ya sa adda ya share shi, ya kafa turaku a bakin rafi, ya tara irin citta a ɗaki yana jiran ruwa ya zauna. Yakubu ya zo ya ce wurin nasu ne, iyakarmu a falalen dutse ta tsaya. Bitrus ya ce ko makaho ya san rafi ne iyaka. Maganar ta yi tsami har matan gidajen biyu suka daina zama a benci ɗaya ranar Lahadi, Bitrus kuma ya fara ambaton lauya. A wurinmu 'yan'uwa idan suka shiga kotu a kan ƙasa, ko an yanke hukunci ba sa sake cin tuwo a kwano ɗaya, 'ya'yansu ma haka. Mai unguwa ya kira zama a gindin mangwaronsa. Bitrus ya bugo mini waya yana murna: "Yaya, ka zo da abin nan naka. Bari Baba Tsoho ya yi magana da bakinsa."

Na zo da laftof da sipika, na shimfiɗa su a kan tebur kamar mai shirin ba da jibin Ubangiji. Dattawa suka matso kusa. Na danna. Muryar da ba a ji ba tun kafin a haifi rabin mutanen wurin ta fito, wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Baba Tsoho ya ce, "Daga nan muka fara. Ku biyo ni. To, nan. Kun gani?" Sai ihun Yakubu. "Nan kuma." Sai ihu na biyu. "Daga nan mu gangara haka. Nan ne, ba can ba, nan." Sai wani ihun. Haka har sau huɗu, minti huɗu cif, ba tari ba atishawa.

Mai unguwa ya gyara hula. Ya ce, "Ticha, murya mun ji, murya na Baba ne, babu gardama. Amma wannan wuri da yana nunawa, ina ne? Ko akwatin yana da yatsa?"

Dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta ba, ni da na yi shekaru ina hana aji dariya da kallo ɗaya. Baba Tsoho bai kira sunan itace ko dutse ba, don me zai kira, ga shi ga wurin, ga kunne a hannunsa? Mai unguwa ya juyo gare ni, ya ce tunda ina wurin ranar, in faɗi abin da na gani. Na ce na ga allura.

Yakubu ya miƙe, furfura ta cika masa kai. Ya ce, "Ni ban je kwaleji ba, ranka ya daɗe, amma kunne na ya je. A kan dutse aka murɗe shi na uku, har yau idan na taka wurin yana mini ƙaiƙayi." Ya juyo ya nuna sipika da haɓa. "Kuma Ticha, ina sanda na Baba? Mutumin da ko bayan gida ba ya zuwa sai da sanda, yau ya zaga gona babu ƙara? Wannan ba tafiya ba ne, wa'azi ne."

Aka ba mu mako biyu mu daidaita, in ba haka ba kowa ya kama hanyarsa. A mota ina dawowa maganar sandar ta ƙi barina. Na tuna farantin tangaran na Malam Sabo, na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ranar da na share shi. Na zubar da abin da na cire tun rediyo bai yi magana ba.

Kaset ɗin yana nan a akwati, amma damina da yawa sun bi ta kansa, zaren ya manne. Alhamdu lillahi, kamar yadda Malam Sabo zai ce, kaset yana da noti biyar. Na kwance shi a kan farin ƙyalle, na sassauta zaren da biro a hankali, na mayar da shi cikin gidan wani kaset mai lafiya. Bel ɗin rikoda ya narke ya zama kwalta, na yanko sabo daga tib ɗin keke. Gwajin farko ya yi tsauri, Baba Tsoho ya yi magana da muryar 'yar mawaƙa, na sake yanko wani. Wannan karon ban taɓa madannin tsafta ba. Na kwashe fuskar kaset ɗin gaba ɗaya da iskarta da dattinta, na sa abin ji a kunne, na buɗe zanen ya yi faɗi.

Ga sandar nan. A tsakanin magana da magana, inda na yanke a da, zanen yana da wasu tsinaye a jere kamar haƙoran mataji, kowane tsini bugun sanda ɗaya. Kusurwa ta biyu ba a gardama a kanta, ɗorawa ce, tana nan tsaye har yau. Daga ihun Yakubu na gindin ɗorawa na fara ƙirga. Bugu hamsin da takwas kafin ihu na uku. Na farkon duk dum-dum suke, ƙarfe a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tara na ƙarshe kuwa ƙyal-ƙyal, sirara masu tsayi, ƙarfe a kan dutse. Rafin, wanda bayan ruwan farko yake surutu kamar kasuwa, ana jinsa can nesa kamar raɗa, kuma bai taɓa matsowa ba.

Washegari da hantsi na je gonar ni kaɗai da sandar aro. Daga ɗorawa na yi tafiyar tsoho ina bugawa ina ƙirgawa, hamsin da takwas ta same ni a tsakiyar falalen dutse. Na koma na buɗe ƙafa. Na sake komawa na ba Baba Tsoho ƙafafun soja. Duk da haka rafi yana can gabana da sauran tafiya. Kuma ko da ƙirgata ta yi ƙarya, a bakin rafi laka ce, laka ba ta ƙyal-ƙyal. Kunnen Yakubu ya ci jarrabawa, akwatina ma ya ci, ni kaɗai na faɗi.

Ba zan yi wa kaina ado ba, na yi kwana uku ina tunanin yin shiru. Kowa ya ji minti huɗun nan, kowa ya yarda babu komai a ciki. Na gaya wa matata, Maman Alheri, tana tsince wake. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "To, me kake so in ce? Kai da kake cire wa yaran mutane maki a kan satar amsa." Na ce ai ban ce zan yi ba. Ta ce, "Ni ma ban ce ka ce ba."

Na je na sami Bitrus a gida kafin ranar, domin bai kamata ya ji a gaban jama'a ba. Na sa masa abin ji a kunne, na nuna masa tsinayen. Ya saurara har ƙarshen ihu na uku, ya cire, ya ajiye a kan benci.

"Yaya, kai ɗan gidan wa ne?"

"Ɗan gidan da kake."

"To ka ce kaset ya lalace. Abu na shekara nawa, wa zai yi mamaki? Ka ga hannuna? Ni na cire ƙayan wurin nan, ni kaɗai. Iri yana ɗaki yana tsiro. Kai kana gari kana wasa da waya-waya, ka zo ka ba da gona na da ƙwas-ƙwas?"

Na ce masa da zan iya ba shi wurin da na ba shi, amma ba nawa ba ne, ba nasa ba ne, kuma idan ya kai maganar kotu ni za a kira shaida, ba zan ce ban ji abin da na ji ba. Ya tashi ya shiga ɗaki. Matarsa ta kawo mini ruwa, ruwa kawai, a gidan da ban taɓa fita babu tuwo ba.

Ranar da aka sa, na roƙi mai unguwa a yi zaman a gona. Muka taru a gindin ɗorawa, dattawa, Yakubu, da Bitrus can gefe ya harɗe hannu. Na rataya sipika a wuya, na ba mai unguwa sanda, na ce duk bugun da ya ji ya buga nasa ya taka. Na danna. Iska ta fito, tsuntsayen da suka mutu tuntuni suka yi kuka, sai dum, dum, dum. Muka bi Baba Tsoho a jere. Da sandar cikin sipika ta ce ƙyal, sandar mai unguwa ma ta ce ƙyal a kan dutse, kusan tare, har tsohon ya ja da baya ya dubi ƙafarsa. Tara suka cika, Baba Tsoho ya ce, "Nan ne, ba can ba, nan," Yakubu na cikin sipika ya yi ihu, Yakubu na waje ya kai hannu kunne bai sani ba.

Mai unguwa ya ce a ƙarasa zagayen yadda aka fara, muka haura muka bi ta kusurwa ta huɗu kusa da shingen bayan gida. Baba Tsoho ya ce shi ke nan. Fuskar Bitrus kamar an rufe shago, na san a ransa lauya bai mutu ba. Ina neman abin da zan ce masa, na manta ban kashe sipika ba, ashe ranar da muka zaga da Baba Tsoho ma na manta ban kashe rikoda ba. Wannan wutsiyar ban taɓa saurarenta ba, a da na yanke ta, a yanzu kuma ƙirga ta hana ni isa wurin. Aka ji takunmu, aka ji akuya, aka ji taɓarya ta tsaya. Sai wata murya ta mace daga nesa, da yarenmu, da ƙarfinta:

"Bitrus! Bitrus! Zo nan ka sa wando! Kakanka yana zuwa da mutane, kana yawo haka kamar ɗan akuya!"

Dattawa suka fashe da dariya, har mai unguwa ya jingina da sanda, domin Bitrus ɗin nan dattijon ikkilisiya ne mai tumbi, shi ke karanta sanarwa ranar Lahadi. Sai dariyar ta yi ta raguwa da kanta. Mamanmu ce. Ba ta ga girbin shekarar ba, Bitrus yana da shekara huɗu ta rasu, ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Ya sha tambayata yaya muryarta take, ni mai rikoda, ina ce masa ban taɓa ɗaukarta ba, domin a ganina na lokacin faɗan uwa ba abin ɓata batir ba ne.

Bitrus ya tsaya kamar an dasa shi. Can ya juya ya gangara, muna kallonsa har bakin rafi. Ya tumɓuke turakunsa ɗaya bayan ɗaya, ya rungumo su, ya hauro, ya ɗauki dutse ya kafa su a gefen falalen, yana bugawa da ƙarfin da ya fi bukata. Yakubu ya matsa kusa da shi ya ce, "Ƙanena, kawo irin ka mu shuka bana, kai ka share wurin." Bitrus ya ce, "Za mu gani," bai dube shi ba. Ya share hannu a wando, ya zo ya tsaya a gabana, idonsa a kan sipikar da ke wuyana.

"Yaya, mayar da shi baya."

"Daga ɗorawa?"

"A'a. Wurin wandon."

Na mayar. Sau biyar ya sa na mayar, rana ta take, mai unguwa da dattawa suna tsaye a cikin kunyoyi, babu wanda ya ce a tafi.